Ciwon Noma: Abin da Bincike Ya Gano a Sakkwato, da Abin da Ya Kamata Iyaye Su Sani

Noma ciwo ne mai cin baki da fuska. Ya fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6, wato daga lokacin yaye zuwa lokacin da haƙoran girma suke shirin fitowa. Yakan fara da ɗan kumburi a dasashi, irin wanda uwa za ta gani ta ce ba komai. In ba a tare shi ba, cikin 'yan kwanaki sai ya ci kunci ko leɓe ko hanci, har ya kai ga ƙashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cikin yara 10 da ciwon ya kama ba su sami magani ba, kusan 9 sukan mutu. Amma in an gane shi da wuri, magunguna masu sauƙin kuɗi sukan tsayar da shi.

Jihar Sakkwato tana cikin wuraren da aka fi nazarin wannan ciwo a duniya, domin a birnin Sakkwato ne Asibitin Yara na Noma yake tun 1999. Mun tattara abin da likitocin yara da na haƙori da na tiyata suka gano, domin 'yan'uwa da suke zaune a ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe, da sauran ikilisiyoyinmu na arewa, su san alamun, su kuma san inda za su nufa.

Sunan ciwon

Kalmar noma a nan ba ta da dangantaka da aikin gona. Ta fito ne daga harshen Helenanci, daga kalmar da take nufin cinyewa, kamar yadda dabba take cinye ciyawa a makiyaya. Sai aka yi dace ta yi kama da tamu kalmar, shi ya sa mutum yakan ji ana wa'azin lafiya a kan noma ya ɗauka zancen gero da dawa ake yi.

Masu bincike sun zauna da iyayen marasa lafiya da ma'aikata a asibitin Sakkwato, suka buga sakamakon a 2020. Sun tarar mutane suna kiran ciwon da sunaye dabam dabam, cikinsu har da ciwon daji da ciwon iska. Suna yana da nauyi, domin shi yake nuna wa iyaye ƙofar da za su fara ƙwanƙwasawa. Wanda ya ɗauka iska ce ba zai yi tunanin asibiti ba. Wanda ya ɗauka daji ne yana iya fid da rai tun kafin a gwada magani. Noma kuwa ƙwayoyin cuta ne suke aikinsu a jikin yaron da ƙarfinsa ya ƙare. Ba maita ba ce, ba kuma alhakin iyaye ne yake bin yaro ba. Ba a ɗaukarsa daga wani, don haka babu dalilin ware yaron ko hana shi cin abinci da 'yan'uwansa.

Matakan ciwon

A 2016 ofishin Afirka na Hukumar Lafiya ta Duniya ya fitar da tsarin matakai wanda ma'aikatan lafiya suke bi yanzu. Ga su da alamunsu.

Alamar gargaɗi: dasashi ya yi ja, ya kumbura, yana zubar da jini in an taɓa shi ko ana goge baki. Wannan bai zama noma ba tukuna, yawancin yara ma sukan warke da tsabtar baki da abinci mai kyau. Amma ga yaro mai tamowa, daga nan hanya take buɗewa.

Mataki na 1: dasashi ya fara yin gyambo yana zubar da jini da kansa. Baki yana wari ƙwarai, wari irin na ruɓa. Yaro yana jin zafi, miyau yana dalala, ba ya son cin abinci.

Mataki na 2: kunci ko leɓe ya kumbura, wurin ya yi tauri da zafi. Akwai zazzaɓi, wani lokaci da kaluluwa a wuya. Daga wannan mataki ran yaro yana cikin haɗari, kowace rana tana da muhimmanci.

Mataki na 3: fatar wurin ta canja launi ta yi baƙi-baƙi, naman ya mutu, ya ɓalle, ya bar rami a fuska. Haƙora da ƙashi suna iya fitowa fili. A nan ne yara da yawa suke mutuwa, saboda ƙwayoyin cuta sun shiga jini, ko ruwan jiki ya ƙare, ko yunwa.

Mataki na 4: gyambon ya fara warkewa yana yin tabo, muƙamuƙi yana fara ƙagewa.

Mataki na 5: ciwon ya tsaya, ya bar ɓarnarsa. Mutum yana fama da ci da sha da magana, wani lokaci har da gani ko numfashi.

Daga kumburin kunci zuwa ɓulewar fuska bai cika wuce mako ɗaya ko biyu ba. Wanda ya ce bari a jira ranar kasuwa, ko a jira a sayar da akuya tukuna, yana iya tarar da ciwon ya riga shi.

Abin da ginin fuska ya koya mana

Za mu fi gane ɓarnar noma in mun san yadda fuska take a gine. Kunci hawa uku ne: fata a waje, tsoka a tsakiya, da laushin fatar cikin baki. Noma daga ciki yake farawa ya fito waje. Saboda haka abin da ido yake gani a fata ƙarami ne in an gwada shi da abin da ya riga ya lalace a ciki.

Ƙashin sama yana manne da ƙoƙon kai. Shi yake riƙe haƙoran sama, shi ne kuma yake tallafe hanci da ƙasan ramin ido. In ciwon ya ci shi, baki da hanci sukan haɗe, abinci ya riƙa fitowa ta hanci, murya ta canja, fatar ƙasan ido ta janye. Ƙashin ƙasa, wato muƙamuƙi, shi ne yake motsi, mahaɗinsa yana gaban kunne. Kuna iya jin motsinsa in kun ɗora yatsa a wurin kuka buɗe baki. A jikin ƙaramin yaro kuma, haƙoran girma suna kwance cikin waɗannan ƙasusuwa suna jiran lokacinsu, don haka ciwon yana iya lalata haƙoran da ba su ma fito ba, ya kuma karkatar da girman fuska.

Tabo yana da halin tsukewa yayin da yake warkewa. In ya kama tsokokin tauna, sai ya ja muƙamuƙi ya ɗaure shi. Wani lokaci ma sabon ƙashi yakan tsiro ya haɗa na sama da na ƙasa, baki ya kulle gaba ɗaya. Akwai waɗanda suka yi shekaru suna tura abinci ta ramin kunci ko ta giɓin haƙori. Wannan ƙagewar baki ita ce mafi wuyar gyara cikin duk abin da noma yake bari.

Me yake kawo shi?

Bincike ya nuna abubuwa uku ne suke haɗuwa: rashin abinci mai gina jiki, wata rashin lafiya da ta raunana garkuwar jiki kwanan nan, da ƙwayoyin cuta da suka taru a baki marar tsabta.

Farfesa Cyril Enwonwu, ɗan Najeriya da ya koyar a Jami'ar Maryland ta Amurka, ya yi shekaru yana nazarin yara a Najeriya. Aikinsa ya jawo hankali ga tamowa da ƙyanda, wadda wasu suke kira baƙon dauro, a matsayin masu share wa noma hanya. A 1999 shi da abokan aikinsa suka ba da rahoton samun ƙwayar cuta mai suna Fusobacterium necrophorum a gyambon yara. Ita ce ƙwayar da take ruɓar da ƙafar tumaki da shanu, sai aka yi zaton zama kusa da dabbobi yana da hannu.

Daga baya wata ƙungiyar masana daga Janeba ta yi dogon nazari a Damagaram, Jamhuriyar Nijar, daga 2001 zuwa 2006, aka buga shi a 2013. Sun gwada yara 82 masu noma da wasu yara masu lafiya daga ƙauyukansu. Abubuwan da suka fi fitowa su ne tsananin rama ko tsumburewa, zazzaɓi ko gudawa ko ciwon ƙirji cikin watanni 3 da suka wuce, da kuma uwa da ta yi ciki da yawa. Da suka duba ƙwayoyin baki, ba su sami wata ƙwaya guda da za a ɗora wa laifin ba. Abin da suka gani shi ne tsarin ƙwayoyin da suke zaune a baki ya rikice, masu amfani sun ragu, masu cutarwa sun yi yawa.

A 2017 ƙungiyar Likitoci Na Gari Na Kowa, wato MSF, tare da asibitin Sakkwato, ta gwada yara 74 da suka yi noma da yara 222 da ba su yi ba, daga jihohin Sakkwato da Kebbi. Elise Farley ce ta jagoranci aikin, aka buga shi a 2018. An ga ciwon ya fi yawa ga yaran da ake ba kunu ko koko kowace rana. Ya ragu kuma ga yaran da aka ba dakashi, wato nonon farko mai kauri da launin ɗorawa, da waɗanda mahaifiyarsu ce take renonsu. Kada mu fahimci wannan a karkace. Kunu ba guba ba ne. Abin da yake nunawa shi ne yaron da kunu zalla ne abincinsa safe da yamma yana cika ciki, jikinsa kuwa yana jin yunwa.

A 'yan shekarun nan, masana daga makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Libaful a Ingila, tare da ma'aikatan asibitin Sakkwato, sun bincika miyan bakin yara masu noma ta hanyar karanta ƙwayoyin halitta. Sun gano wani nau'in ƙwayar Treponema da ba a taɓa bayyana shi ba, a bakin da yawa daga cikin yaran. Aikin da yake gabansu shi ne su tantance ko ita take fara ciwon, ko kuwa tana samun wurin zama ne bayan gyambo ya buɗe. In aka tabbatar da hannunta, ana iya samun gwajin da zai nuna yaron da yake cikin haɗari tun fuskarsa lafiya lau.

Yawansa

A 1998 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara 140,000 suke kamuwa kowace shekara a duniya, mutum 770,000 kuma suna rayuwa da tabonsa. Wani ƙiyasi da aka buga a 2003, wanda aka gina a kan marasa lafiyar da suka zo Sakkwato, ya sa adadin a arewa maso yammacin Najeriya ya kai yara 6.4 cikin 1,000.

A 2018 aka bi gida gida a ƙauyukan jihohin Sakkwato da Kebbi, aka duba bakin yara fiye da 7,000 'yan ƙasa da shekara 16. Kimanin 3 cikin 100 suna da kumburin dasashi, 1 cikin 1,000 yana mataki na 1, an kuma sami yara 3 masu kumburin fuska. Ba a tarar da mai ɓulalliyar fuska ba. Wannan bai nuna ciwon ya ƙare ba, gama asibitin bai daina karɓar sababbin marasa lafiya ba. Matakin ruɓewa gajere ne, mai ƙidaya da ya zo yau ba zai ga yaron da aka binne watan jiya ba, waɗanda suka rayu kuma sau da yawa ana ɓoye su a cikin ɗaki. Darasin da muka ɗauka shi ne yaran da suke bakin ƙofar ciwon suna nan cikin gidajenmu, a matakin da magani yake da sauƙi.

Ya kamata mu tuna cewa noma ba ciwon baƙar fata ba ne. Ya addabi yaran talakawa a Turai har ƙarni na 19, ya ɓace da abinci ya wadata, tsabta ta ƙaru, tun kafin a ƙirƙiro maganin kashe ƙwayoyin cuta. Ya sake ɓulla a sansanonin da 'yan Nazi suka tsare mutane cikin yunwa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Inda yunwa ta sauka, nan yake sauka.

Magani

A matakan farko, ma'aikacin lafiya yakan ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta, yawanci amoxicillin tare da metronidazole, da ruwan wanke baki na chlorhexidine. Yakan duba tamowa ya ba da abincin gina jiki, ya magance zazzaɓin cizon sauro ko gudawa in akwai, ya ba da sinadarin bitamin A in ya dace. A gida ana goge bakin yaro da ruwan ɗumi da aka tafasa aka sa ɗan gishiri. Ma'aikacin lafiya ne zai auna maganin daidai da nauyin yaro. Sayen ƙwaya biyu uku a kemis yakan kwantar da zazzaɓi, ciwon kuwa yana ci a ciki.

Da zarar kunci ya kumbura, yaron na kwanciya asibiti ne, inda za a ba shi magani ta jijiya, a ƙara masa ruwa, a wanke gyambon kullum. Kada a tsaga kumburin, kada a ƙona shi, kada a cusa masa gari ko toka.

Tiyatar gyara fuska sai bayan ciwon ya mutu, tabo ya zauna, yaron ya yi ƙarfi, abin da yakan ɗauki watanni masu yawa ko fiye da shekara. Likitoci sukan ɗauko fata da tsoka daga goshi ko ƙasan haɓa ko ƙirji, su gina hawan ciki da na waje, su saki muƙamuƙin da ya ƙage. Sa wa mai kullallen baki maganin barci ma aiki ne na gwanaye, domin sai an bi ta hanci da siririn bututu mai kyamara kafin a kai ga maƙogwaro. Mutum ɗaya yana iya bukatar tiyata sau da dama. Tsarin da likitocin tiyata suke auna ɓarnar da shi, mai suna NOITULP, wanda yake duba hanci, wajen kunci da cikinsa, ƙagewar baki, leɓen sama da na ƙasa, daga aikin Sakkwato ya fito, likitan Holan Klaas Marck da abokansa suka buga shi a 1998.

An kuma bi sawun mutum 37 da aka yi wa tiyata a Sakkwato bayan watanni 18, aka buga sakamakon a 2020, domin a ga yadda suke ci da magana da zama cikin mutane. Abin da likitoci suke nanatawa shi ne baki yakan so ya koma ya ƙage bayan an sake shi. Dole mai jinya ya riƙa atisayen buɗe baki kullum na tsawon lokaci, ya kuma koma asibiti ranar da aka sa masa.

Daga Tambuwal da Kebbe zuwa asibiti

Tambuwal tana kan babbar hanyar da ta taso daga Jega ta bi ta Shagari da Boɗinga ta shiga Sakkwato, tafiyar kimanin kilomita 100. Ƙaramar hukumar Kebbe, wadda ba ita ce Jihar Kebbi ba ko da yake sunayen sun yi kama, tana can kudu, ƙauyukanta da yawa suna nesa da kwalta. Ga mutanen Dogon Daji, Sanyinna, Jabo ko Kuchi, shawararmu ita ce a fara da asibiti ko ɗakin shan magani mafi kusa a ranar da aka ga alamar, domin a soma magani, sannan a nemi takardar turawa zuwa Sakkwato in fuska ta kumbura. A gaya wa ma'aikacin lafiya a fili cewa ana tsoron noma ne, a roƙe shi ya buɗe bakin yaron ya duba.

MSF tana aiki da Ma'aikatar Lafiya a Asibitin Yara na Noma tun 2014, jinya da tiyata kyauta ne. Manya da suka rayu da tabon tun suna yara su ma ana karɓarsu. A Sakkwato kuma akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo mai sashen haƙori da tiyatar fuska.

Wani nazari da aka yi da masu maganin gargajiya a Jihar Sakkwato, aka buga a 2020, ya nuna su ne sau da yawa suke fara ganin yaran, sun kuma nuna yarda su riƙa tura su asibiti in an koya musu alamun. Saboda haka in akwai wanzami ko ungozoma ko mai magani a unguwarku, ku kai masa wannan bayani cikin girmamawa.

Duniya ta waiwayo

A Janairu 2023 gwamnatin Najeriya ta miƙa wa Hukumar Lafiya ta Duniya takardar neman a sa noma cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi watsi da su. Ranar 15 ga Disamba 2023 hukumar ta amince. Shiga wannan jeri yana buɗe ƙofar kuɗin bincike da horar da ma'aikata. Cikin waɗanda suka yi wannan gwagwarmaya akwai Mulikat Okanlawon, wadda ta yi noma tana yarinya, aka yi mata tiyata a Sakkwato, ta zama ma'aikaciya a asibitin. Ita da Fidel Strub suka kafa Elysium, ƙungiyar waɗanda suka tsira daga noma, a 2024 kuma mujallar Time ta sa su cikin mutum 100 masu tasiri a harkar lafiya.

Abin da za mu yi a gida da cikin ikilisiya

Mu ba jariri dakashi, kada a matse shi a zubar. A ba shi nono zalla wata 6, a ci gaba da shayarwa tare da abinci har shekara 2. In za a dama kunun yaro, a haɗa da gyaɗa ko waken suya ko madara, a ba shi wake, ƙwai, kifi, zogale da ɗan manja gwargwadon abin da gida yake da shi. A ƙara lura a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sauro kuma ya yi yawa.

Mu kai yara rigakafin ƙyanda a wata 9 da wata 15. Su kwana cikin gidan sauro, su sha maganin rigakafin zazzaɓi da ake rabawa gida gida da damina. A goge musu baki kullum da buroshi ko asuwaki mai laushi, jarirai kuma da tsabtataccen ƙyalle.

Duk yaron da ya tashi daga ƙyanda, zazzaɓi ko gudawa, a riƙa buɗe bakinsa a cikin haske kowace rana har mako biyu ko uku. Ana duba abu uku: jini a dasashi, wari, da kumburi. Aikin minti ɗaya ne. Shugabannin zumuntar mata da malaman makarantar Lahadi suna iya koya wa iyaye wannan dubawa bayan sujada, su kuma kai ta ga maƙwabta, gama ciwon ba ya tambayar addinin gida.

Kuɗin mota da na abincin mai jinya su ne sukan hana iyali tashi da wuri, ko da magani kyauta ne. Dattawa suna iya ware wani abu daga asusun taimako domin irin wannan tafiya, a kuma san tun yau wanda yake da mota ko babur da za a kira da dare.

Wanda yake da tabon noma a cikinmu kuwa, a ba shi wurin zama a tsakiyar jama'a, a sa shi makaranta, a hana yara yi masa dariya. In akwai wanda aka ɓoye a ɗaki shekara da shekaru, ku gaya wa iyalinsa cewa akwai asibiti a Sakkwato da aka gina dominsa, a kuma sami wanda zai raka su.